Franklinia: Yadda Ake Raɗa wa Tsiro Suna

A shekarar 1765, John Bartram da ɗansa William, masu binciken tsirrai daga Filadelfiya, suka ci karo da wata 'yar bishiya a gaɓar kogin Altamaha, inda yau jihar Jojiya take a Amurka. Ba a taɓa samun irinta a wani daji ba sai wannan ɗan fili. Bayan wasu shekaru William ya koma ya ɗebo iri, ya shuka a lambunsu.

Tun 1753, lokacin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa tsarinsa, kowane tsiro suna biyu ake ba shi da Latin: na farko na jinsi, na biyu na nau'i, kamar dai sunan gida da sunan yanka. William ya kira jinsin Franklinia domin karrama Benjamin Franklin, aminin mahaifinsa, nau'in kuma alatamaha, bisa wani tsohon rubutun sunan kogin. Humphry Marshall ne ya buga sunan a littafi a 1785. Wannan bugu shi ya ba sunan ƙarfi, domin a wajen masana, sunan da ba a wallafa shi tare da bayanin siffar tsiron ba, zance ne kawai.

Dangin da aka sa ta ciki shi ne Theaceae, wato dangin ganyen shayin da muke sha. Furen ne shaida: fari ne, mai ganyaye biyar, tsakiyarsa cunkushe da siraran zaruruwa rawaya, ga ƙamshi.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne batun jinsi. Wasu masana sun ce ai 'yar wani jinsi ce da ake kira Gordonia, tunda furanninsu kusan ɗaya ne, har aka daɗe ana rubuta ta a ƙarƙashin wannan sunan. Amma Gordonia ba ta kaɗe ganye, furenta kuma a kan dogon sili yake. Franklinia kuwa ganyenta yakan yi jajawur a kaka ya zube, furenta na manne da reshe, kwanson 'ya'yanta mulmulalle ne, yana tsagewa ta sama da ta ƙasa. Waɗanda suka raba su sun fi hujja, kuma a yau ita kaɗai ce a jinsinta.

Rabon da a gan ta a daji tun 1803. Duk Franklinia da ke lambunan duniya yanzu daga irin da William Bartram ya ɗebo ta fito.