Inda ɗalibin Jalingo zai samo alƙaluman lalacewar faifan ajiya

Hoton da ka ɗora a Google ko Facebook ba a sararin samaniya yake ba, duk da sunan "gajimare" da aka laƙaba wa abin. Yana kwance ne a kan faifan ajiya, cikin wani katafaren ɗaki mai sanyi, kuma faifan nan ƙarfe ne da ke juyawa dare da rana har ya gaji. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, wadda aka kafa a 2008, idan ya zaɓi lalacewar faifan ajiya a matsayin binciken kammala digiri, tambayar farko da malaminsa zai jefo masa ita ce: ina alƙalumanka?

Yawancin kamfanoni ba sa son faɗin sau nawa injinansu ke mutuwa, don mai kaya ba ya tallan aibin kayansa. Amma akwai waɗanda suka buɗe ƙofa. Kamfanin Backblaze na Amurka tun 2013 yake rubuta halin da kowane faifansa ke ciki kullum, yana sakin bayanan kyauta duk bayan wata uku. Faifan sun haura 250,000, kuma kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne ke lalacewa a shekara. Za ka ga samfurin faifan, da sa'o'in da ya yi yana aiki, da ranar da ya cika. Sai dai fayilolin manya ne ƙwarai. Wanda ke sayen data da kuɗin abincinsa gara ya ɗauko na wata uku kawai, ya ishe shi rubuta babi na huɗu.

Google ma ya saki tarihin aikin injina kusan 12,500 na kwana 29 a 2011, ya ƙara wani na 2019. Alibaba da Microsoft sun ajiye nasu a GitHub.

Kafin a taɓa ko ɗaya, a karanta bincike biyu na 2007. Bianca Schroeder da Garth Gibson na Jami'ar Carnegie Mellon sun duba faifai kimanin 100,000, suka tarar ana canza kashi 2 zuwa 4 a shekara, wani wurin har 13, alhali lissafin masu ƙerawa bai kai kashi 1 ba. Injiniyoyin Google kuwa sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a samansa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Suka kuma ce zafi bai yi ɓarnar da ake zato ba.

Wannan magana ta ƙarshe ce ya kamata ɗan Jalingo ya tsaya a kanta. A ɗakunan da sanyi ba ya yankewa aka yi awon. Ba su san zafin Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke kusantar 40, ba su san ƙurar hunturu ba, balle ɗauke wuta da komawa kan janareto sau da yawa a yini. Manyan cibiyoyin ƙasar nan, irin su Galaxy Backbone a Abuja da Rack Centre a Legas, suna nesa, kuma ba kowa ake buɗe wa littafinsu ba.

Amma kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a cikinsa, tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar smartmontools kyauta take karanta shi. Kwamfutocin ɗakin gwaji na sashe, da na cibiyoyin jarrabawar JAMB, da na masu gyara a cikin gari, duk suna ɗauke da shi: zafi, sa'o'in aiki, da yawan lokutan da aka kunna aka kashe. Da izinin masu su, ɗalibi zai iya bin faifai hamsin daga hunturu zuwa faɗuwar damina, ya jera su kusa da na Backblaze.