Matsalar Nawar Faifan Ajiya a Tsofaffin Kwamfutoci: Dalilanta da Hanyoyin Magance Ta

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufarta game da koyar da ilmin kwamfuta a makarantu, kuma daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Saboda haka yaron Madachi, ko na wani gari a ƙasar Rano da Kibiya, tilas ne hannunsa ya saba da na'urar kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Abin da ya sa muka rubuta wannan takarda shi ne wata tsohuwar kwamfuta da muka tarar a wata makaranta a wannan yanki lokacin duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta. An jingine ta an rufe da buhu, wai faifanta ya mutu, alhali kuwa lafiyarsa lau, nawa kawai yake yi. Manufarmu ita ce mu bayyana abin da ke kawo irin wannan nawa, da yadda malami zai gyara da kansa.

2.0 Yadda Bayanai Ke Tafiya

Tsofaffin faifan ajiya, watau irin IDE masu faffaɗar igiya, suna da hanyoyi biyu na miƙa bayanai. Ta farko ita ce PIO. A nan ƙwaƙwalwar kwamfutar ita da kanta take ɗebo bayanan kaɗan-kaɗan, tamkar maigidan da ya bar dukan harkokinsa ya koma jidar hatsi daga rumbu da ƙwarya. Iyakar gudun wannan hanya megabait 16.7 a daƙiƙa, kuma a zahiri da wuya a kai haka. Ta biyu ita ce DMA, inda ƙwaƙwalwar ke ba da umarni kurum, bayanan su wuce ma'ajiyar wucin gadi kai tsaye, kamar a ce maigidan ya sa 'yan dako. Matakanta na sama suna kaiwa megabait 33, 66, 100, har 133.

Idan manhajar kwamfuta ta ga kuskure ya yawaita a hanya mai sauri, sai ta ja da baya zuwa ta nawa don kada bayanai su lalace. Wannan dabara ce mai kyau. Aibinta shi ne manhajar ba ta komawa ga saurin da kanta, ko da abin da ya jawo kuskuren ya gushe.

3.0 Alamomi da Dalilai

Alamomin a fili suke: kwamfuta ta daɗe kafin ta tashi, murya ta riƙa kakkatsewa, kibiyar linzami ta riƙa tsalle duk sa'ad da ake kwafar fayil.

A Windows XP, wadda ta fito a 2001, idan kurakuran miƙa bayanai ko na jinkirin amsawa suka taru har shida, sai a rage wa faifan mataki. Haka za a yi ta ragewa har ya faɗa PIO. Ana ganin matakin da yake kai a cikin Device Manager, a bayanin tashar IDE ta farko ko ta biyu.

A Windows 95 da 98 kuwa abin ya ɗan bambanta. Idan direban faifan mai suna ESDI_506.PDR ya kasa tashi, sai manhajar ta koma yin amfani da faifan ta tsohon salon MS-DOS, ta kuma sanar da haka a shafin Performance. Abubuwan da suka fi jawo wannan su ne ƙwayar cuta a sashen farko na faifan, ko wani tsohon direba da aka rubuta a CONFIG.SYS. Wani lokaci kuma manhajar takan sa wata alama mai suna NoIDE a rajista, wadda ke hana ta sake gwada direban.

A yanayinmu akwai ƙarin dalilai uku: ƙurar hunturu da ke shiga bakin igiya, da jijjigar hanya idan aka ɗauko na'ura daga Kano a mota ko a bayan babur, da hawa da saukar wutar janareta.

4.0 Matakan Gyara

Na farko, a kwafe muhimman bayanai, musamman sakamakon ɗalibai, domin mai yiwuwa ne faifan da gaske ya fara lalacewa.

Na biyu, a kashe wuta, a buɗe akwatin, a kakkaɓe ƙura, a zare igiyar a mayar da ita sosai. A lura cewa igiya iri biyu ce, mai sili 40 da mai sili 80, ko da yake bakinsu ɗaya ne. Mai sili 40 ba ta wuce megabait 33. Kada kuma tsawonta ya haura inci 18. Idan faifai biyu ne a igiya ɗaya, a tabbata an daidaita ɗaya a matsayin babba, ɗaya ƙarami.

Na uku, a duba rahoton lafiyar faifan da ake kira SMART. Idan lamba ta 199 ce ke ƙaruwa, galibi laifin igiya ne. Idan kuwa lamba ta 5 ce, to fuskar faifan ce ke lalacewa, sai a nemi wani.

Na huɗu, a share tarihin kuskuren. A XP, a cire tashar IDE ɗin daga Device Manager, sa'an nan a sake kunna kwamfutar; za ta gano tashar da kanta ta fara lissafi daga sifiri. A Windows 95 da 98, a karanta fayil ɗin IOS.LOG idan akwai shi, don yakan ambaci direban da ya kawo cikas, a bincika ƙwayar cuta da tsabtataccen faifai, a goge NoIDE daga rajista, a sake kunnawa.

Dole ne a bi wannan jeri kamar yadda yake. Wanda ya fara da mataki na huɗu bai taɓa igiya ba, bayan 'yan kwanaki kurakuran za su sake taruwa, nawar ta dawo. Ita kwamfutar da muka ambata, sauya igiya da cire tashar ne kaɗai suka tashe ta.

5.0 Kammalawa

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 98 a 2006, da XP a 2014, don haka bai kamata a haɗa irin waɗannan na'urori da intanet ba. Amma har yanzu suna isa a koya wa yaro buga rubutu da riƙon linzami. Muna ba da shawara ga kwalejojin ilmi su sa wannan ɗan gyara cikin aikin hannu na ɗaliban NCE, tun da su ne za a tura ƙauyukan da babu mai gyara kusa. Haka kuma kowace makaranta ta ajiye igiya mai sili 80 ko da guda biyu, ta kuma riƙa rufe na'urorinta da ƙyalle a lokacin hunturu.