Ƙarar da ke raka direban tirela daga Kano zuwa Fatakwal

A Turai da Amurka, masu motocin nan da ake mayarwa gida, da gado da wurin girki a ciki, sukan kashe kuɗi mai yawa wajen rage ƙarar inji da ta taya, domin su ji daɗin hira a tafiyar hutu. A Najeriya kuwa akwai waɗanda mota ta zame musu gida ba don shaƙatawa ba: direbobin tirela da ke sauke shanu, albasa, wake da tumatir a Gariki ta Inugu, da Lokpanta, da bakin gadar Anacha, har zuwa unguwannin Hausawa na Fatakwal. Kan mota shi ne ɗakinsu. A can suke tuƙi, a can suke kwana a Obollo-Afor ko 9th Mile, kuma a yawancin motocin DAF, MAN da Howo, injin yana ƙarƙashin kujerarsu ne kai tsaye.

Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da shi a duniya shi ne desibel 85 na tsawon awa takwas. Duk ƙarin desibel uku yana rage rabin lokacin da kunne zai iya jurewa: a 88 awa huɗu, a 91 awa biyu. Tafiyar da ta wuce kilomita dubu kuwa ba ta san awa takwas ba. Ji yana raguwa ne a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972 direba ke zama a hagu, don haka kunnen hagu, mai fuskantar tagar da zafi ya sa aka buɗe, shi ke fara shan wuya. Ƙara mai ɗorewa tana kuma kawo gajiya, gajiya kuwa a gangaren Ugwu Onyeama, mashigar Inugu, ba abin wasa ba ce.

Ta hanyoyi uku ƙarar ke shiga. Ta farko girgiza ce: idan robobin da inji da kan mota ke zaune a kansu suka mutu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, duk ɗakin sai ya zama ganga. Ta biyu kafofi ne, kamar yagaggiyar robar gindin giya, da ramukan da wayoyi ke bi, da robar ƙofa da rana ta busar. Nan ne aiki ya fi sauƙi kuma ya fi riba, domin ƙara kamar ruwa take, ƙaramar kafa ta ishe ta. Ta uku ita ce faffaɗan ƙarfen ƙasa da ƙofofi da ke kaɗawa. Maganinsa shi ne a manna masa roba mai nauyi ta kashe kaɗawar, a shimfiɗa soso marar shan ruwa, sannan a rufe da leda mai kauri da nauyi. Ba sai an lulluɓe ko'ina da robar farko ba, amma shimfiɗar ƙarshe tana son a rufe ba tare da giɓi ba.

Abin da aka fi gani a garejin kudu shi ne a cusa soson katifa da tsohon kafet. Niyyar tana da kyau, amma a ƙasar da damina ke daɗewa kamar Fatakwal, soson katifa yana riƙe ruwa, ya ci ƙarfen da tsatsa, kusa da zafin inji kuma makamashin gobara ne. Haka ma ledar kwalta ta like rufin kwano: zafi na narkar da ita, warinta ya cika ɗakin. Sai kuma salansa. Wasu matasan direbobi kan bar ta a fashe da gangan, wai don a ji zuwan mota. Su ne farkon masu biyan kuɗin wannan burga da kunnuwansu. Toshe kunne da waƙa ma ba mafita ba ce, tunda direba na bukatar jin hon da kuma sauyin muryar injinsa.

Dokar ba ta rasa ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma tana duba lafiyar manyan motoci tun 1988. Sai dai hankalin kowa ya fi karkata ga ƙarar da mota ke yi wa jama'a, an manta da wanda ke zaune a kan injin. Gwajin ji ga direbobin manyan motoci, kamar yadda ake gwajin ido, abu ne da za a iya yi cikin mintuna a tasha.

Batun bai tsaya ga 'yan tirela ba. Bas ɗin Hiace da ma'aikatu ke aikawa daga Abuja zuwa Inugu ita ma injinta na ƙarƙashin kujerar gaba. Jami'in sufurin da zai sa hannu a takardar gyaranta yana iya ƙara layi biyu: robar murfin inji, da robobin zaman inji.