Yadda ake karanta misalin Basamariye mai tausayi

Mai son fahimtar wannan misali da ke Luka 10:25-37 sai ya fara da tambayar da ta jawo shi. Wani masanin Attaura ne ya tashi ya gwada Yesu kan hanyar samun rai madawwami. Yesu ya mayar masa da tambayar, shi kuwa ya haɗa Maimaitawar Shari'a 6:5 da Littafin Firistoci 19:18, wato ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Amsa ta yi daidai, amma bai tsaya nan ba, ya nemi a faɗa masa wane ne maƙwabcin nasa. Iyaka yake nema: daga ina zuwa ina ƙaunar ta wajaba a kaina?

Yesu ya amsa masa da misali, daga nan sai a dubi wurin da labarin ya faru. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ta kai kilomita 27, gangara ce ta kusan mita 1,000 cikin duwatsu da daji, ta kuma yi ƙaurin suna da 'yan fashi. A lura da halin da aka bar mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar: an tuɓe shi, an yi masa jina-jina, yana kwance rai kwakwai mutu kwakwai. Da tufa da harshe ake gane ƙabilar mutum, shi kuwa ba riga, ba baki. Duk wanda ya iso ba shi da yadda zai san ko nasa ne.

Firist ya wuce, Balawe ya wuce. Masu wa'azi kan ce tsoron ƙazantar gawa ne ya hana su, suna dogara da Littafin Firistoci 21. Mai yiwuwa ne, sai dai Luka bai ba da dalili ba, kuma firist ɗin gangarowa yake yi, ba haikali ya nufa ba. Inda nassi ya yi shiru, bai kamata mai fassara ya cika shi da zato ya kira zaton koyarwa ba.

Mai yiwuwa masu sauraro sun zaci na ukun Bayahude ne talaka. Sai ga Basamariye. Gabar tsohuwa ce: Assuriyawa sun ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, daga baya Samariyawa suka gina wurin sujadarsu a Dutsen Gerizim, shugaban Yahudawa Yohanna Hirkanus ya rushe shi a ƙarni na 2 kafin Almasihu. A Luka sura ta 9 ma, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, har Yakubu da Yohanna suka so a sauko musu da wuta. Mutumin wannan dangi ne ya wanke raunukan da mai da ruwan inabi, ya ɗora majinyacin a dabbarsa, ya bar wa mai masauki dinari biyu, ladan ƙwadagon kwana biyu.

Magabatan Ikkilisiya sun bi wata hanya dabam. Agustin na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ce wanda aka yi wa fashi Adamu ne, Basamariyen Almasihu, masaukin Ikkilisiya, mai masaukin kuwa Manzo Bulus. A ƙarni na 16 John Calvin ya yi watsi da irin wannan fassara. A ganina Agustin bai faɗi abin da ya saɓa wa bishara ba, amma karatunsa ya raba labarin da mai tambayar. Yesu ya juya masa tambayar ne, ya ce a cikin ukun wa ya zama maƙwabci ga wanda ya faɗi. Masanin ya zo neman wanda zai ware, sai aka tilasta masa ya yaba wa abokin gabarsa, har ya kauce wa ambaton sunan ƙabilar, ya ce wanda ya nuna jinƙai.