Raunin Gaɓoɓi: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ya Tabbata

Mutum ya fara jan ƙafa, kofi na suɓuce masa daga hannu, ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Kafin a kai ga likita, unguwa ta gama yanke hukunci. Raunin gaɓoɓi kuwa alama ce da cututtuka da yawa suke tarayya a kanta. Ga maganganu biyar da suka fi yawo, da matsayin kowacce.

"Jifa ne, tunda asibiti ba su ga komai ba." Ba haka ba ne. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot ba sa nuna ciwon jijiya. Ana buƙatar auna sukari da bitamin B12, wani lokaci hoton MRI na laka ko ƙwaƙwalwa, da gwajin yadda saƙo ke gudu a jijiya. Irin wannan bincike aikin likitan jijiyoyi ne, a manyan asibitoci kamar na koyarwa na Aminu Kano ko na ABU da ke Shika. A yi addu'a, a kuma nemi takardar turawa can.

"Duk shanyewar ƙafa shan inna ce." Kuskure ne. Shan inna ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma cikin 'yan kwanaki take shanye gaɓa. A Borno aka ga ƙwayarta ta asali ta ƙarshe a Nijeriya a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020, ko da yake wani nau'inta na ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Yaro namiji da raunin ke ƙaruwa shekara bayan shekara, sha-raɓarsa ta yi kauri, yana dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, an fi zargin ciwon tsoka na gado mai suna Duchenne.

"Allura ce ta shanye shi." Wannan na iya zama gaskiya. Babbar jijiyar ƙafa ta ratsa ta ɗuwawu, kuma allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a kanta tana iya sa tafin ƙafa ya saki. Amma ƙafar da aka yi wa allurar kaɗai abin ke shafa. Raunin da ya kama ƙafa biyu yana hawa sama, a nemi dalilinsa a wani wuri.

"Abinci da sana'a ba ruwansu da jijiya." Ƙarya ne. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum. A jikin manya, dalma kan sa wuyan hannu ya langaɓe. A Kwango da Mozambik, dogaro da rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba yana haddasa cutar konzo mai sandarar da ƙafafu. Ciwon sukari da aka yi sakaci da shi yana cin jijiyoyi tun daga yatsun ƙafa, da zugi da jin kamar ana tafiya kan auduga.

"Ciwon jijiya ba ya warkewa." Rabin gaskiya ne. Cutar ALS, wadda aka gano wa masani Stephen Hawking a 1963, har yau ba ta da maganin warkarwa. Amma ƙarancin B12 ana gyara shi da allura. Tarin fuka da ya shiga ƙashin baya ya danne laka yana jin magani. Mayasteniya, mai sa fatar ido ta sauko da yamma, tauna ta gagara, ana shawo kanta. Cutar Guillain-Barré, wadda kan biyo bayan gudawa ko mura ta faro daga ƙafa, yawancin masu ita suna farfaɗowa idan an kula da numfashinsu.

Jinkiri ne ke mai da mai sauƙi mai wuya, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo ba. Idan baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu farat ɗaya, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a tafi asibiti a ranar. Idan kuma a hankali abin ke tafiya, a rubuta yaushe ya fara da gaɓar da ya fara kamawa, a faɗi sana'ar mara lafiya da ko akwai mai irinsa a dangi, a ɗauki duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Da wannan bayani likita ke sanin gwajin da zai fara.