Daga bidiyon Jinja zuwa kwalekwalen Argungu: yawon ruwa na 'yan koyo

Idan kana yawan zama a TikTok ko Instagram, da wuya ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: mutum shida ko takwas cikin jirgin roba da aka hura wa iska, kowa da hular kwano da rigar kariya, ruwa yana ta wurgi da su tsakanin duwatsu suna ihu. Da yawa a garin Jinja na Uganda ake ɗaukarsu, inda Kogin Nilu ya fito daga Tafkin Biktoriya, wasu kuma a Kogin Zambezi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin masu ihun ba gwanaye ba ne. Ranar suka fara riƙe filafili.

To yaya ɗan koyo yake shiga irin wannan ruwa ya fito lafiya? An kasa ƙarfin ruwan mataki 6: na 1 kusan kwance yake, na 6 ko gwani ba a so ya gwada. Kafin a taɓa ruwa sai jagora ya tsayar da kowa a bakin gaɓa ya yi bayani. Idan ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafunka su fuskanci inda ruwan ya nufa, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, domin ƙafa na iya maƙalewa a dutse ruwan ya danne ka. Jagoran yana zaune a baya yana ba da umarni, wasu kuma suna biye a ƙananan jirage don tsamo wanda ya faɗa.

Mu a kwarin Rima ba mu da ruwa mai kumfa irin wannan. Namu a shimfiɗe yake, yana ratsa fadamun shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Mafi kusa da muka taɓa samu shi ne na Busa a Kogin Kwara, kudu da Yawuri, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, kuma madatsar Kainji ta haɗiye shi tun 1968. Amma jagorori kam muna da su. Duk wanda ya taɓa kallon kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, ya ga tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar daji da hannu, ya san Kabawa ba baƙin ruwa ba ne. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

A hutun da ya wuce mu huɗu muka ce bari mu yi namu. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kamar awa ɗaya ce. Muka leƙa gidan tarihi na Kanta, sannan muka gangara bakin gulbi, muka samu wani dattijo masunci ya yarda zai zaga da mu. Tambayarsa ta farko ita ce, "Samari, wa ya iya ruwa a cikinku?" Muka kalli juna. Mutum ɗaya ne, shi ma a tafkin unguwa ya koya.

Ya ce, "To ku ji. A zauna ƙasa, a tsakiya. Kada wanda ya miƙe."

Gaskiya tafiyar ta yi daɗi fiye da yadda na zata. Tsuntsaye, masu jefa birgi, iska mai sanyi, ga Baba yana nuna mana inda ke da zurfi da inda yashi ya taru, wuraren da ni dai ban ga bambancinsu ba ko kaɗan. Minti 20 da tashinmu sai abokina ya miƙe zai ɗauki kansa hoto. Kwalekwalen ya karkace, ruwa ya kwararo ciki, ni kuwa na damƙe gefen jirgin, wanda shi ne ya ƙara karkatar da shi. Baba ya daka tsawa, ya jefa nauyinsa ɗaya gefen, jirgin ya daidaita. Wayar ta tafi. Mun yi ta dariya a mota, amma da dare na kasa barci, domin babu ko ɗayanmu da ke sanye da rigar kariya, kuma ba mu ma tambaya ba.

A Kebbi wannan ba abin wasa ba ne. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse a Kogin Kwara da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne kawai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha nanata cewa a sa riga, a daina lodin wuce kima da tafiyar dare. Amma mu matasa muna ganin sa rigar kamar nuna tsoro ne, kuma tana ɓata hoto. Mutumin Jinja da kake sha'awar bidiyonsa fa da rigarsa ya shiga.

Ni a ganina akwai sana'a a nan da muke kwana a kanta. 'Ya'yan masunta sun san gulbin, mu 'yan boko mun san talla a intanet. Abin da ya rage shi ne riguna, da iyakance yawan mutane, da bayanin minti 10 kafin a tashi, da neman izinin Sarkin Ruwa, musamman a Matan Fada inda ake hana su sai lokacin biki.

Idan za ka gwada, ka je da rani, kamar Janairu zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ja baya. Ka guji Agusta da Satumba, gulbin yana cika ya malale fadama. Ka je da safe, ka gaya wa na gida inda ka nufa, ka nemi riga ko da aro ne. Mu dai mun fara karo-karon kuɗin guda huɗu, Baba kuma ya ce in mun dawo da su zai kai mu har inda dorinar ruwa take kwana a zamanin ƙuruciyarsa.