Yadda ƙananan hukumomin Ingila suka sake buɗe titunan kasuwa bayan kullen korona

A wannan makon za mu leƙa Ingila, mu ga yadda aka yi da kasuwanni bayan dokar kulle, domin tambayar da ta dame su ita ce ta dame mu a nan: ta yaya mutum zai fita neman abinci ba tare da ya kwaso wa iyalinsa cuta ba?

A ranar 23 ga Maris, 2020 aka sanya dokar kulle a ƙasar. Kantunan magani da na abinci ne suka ci gaba da aiki, amma masu tufafi da takalma da littattafai sai ranar 15 ga Yuni aka ba su damar buɗewa. Kusan kowane gari a can yana da babban titi guda inda shaguna da bankuna da gidajen abinci suke jere, kuma ƙananan hukumomi aka ɗora wa nauyin shirya waɗannan tituna. Gwamnati ta raba musu fam miliyan 50 daga asusun raya yankuna na Tarayyar Turai. Kuɗin na gyaran fili ne da wayar da kai, ba jari ba ne na bai wa 'yan kasuwa.

Aikin da suka yi ba mai tsada ba ne. An shata alamu a ƙasa don a bar tazarar mita 2 a layi. An ware hannun masu tafiya da na masu dawowa. An kafa wuraren man tsaftace hannu, an kuma cinye wuraren ajiye mota don faɗaɗa hanyar masu ƙafa. A unguwar Soho da ke Landan, ƙaramar hukumar Westminster ta riƙa hana motoci shiga wasu tituna, gidajen abinci suka fito da tebura waje. Daga 24 ga Yuli kuma sanya takunkumi a cikin shago ya zama dole.

Sai dai ba a rasa tuntuɓe ba. Makafi da masu keken guragu sun koka cewa tebura sun tare musu hanya. A birnin Leicester, mako biyu kacal da buɗewa aka sake rufe shaguna saboda cutar ta yi ƙamari. A watan Agusta gwamnati ta ɗauki nauyin rabin kuɗin abincin duk wanda ya zauna ya ci a gidan abinci daga Litinin zuwa Laraba, har zuwa fam 10. Jama'a suka yi cincirindo. Daga baya wani bincike na Jami'ar Warwick ya ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 17 cikin 100 na sababbin ɓarkewar cutar a lokacin suna da nasaba da wannan rangwame. Ranar 5 ga Nuwamba aka koma kulle.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, abin da ya fi jan hankalina shi ne batun iska. A farko hankalin kowa yana kan goge kanta da hannun ƙofa, mu ma a kantinmu haka muka yi ta yi. Daga bisani ya tabbata cewa ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa ta numfashi, musamman a ɗaki mai cunkoso da tagoginsa suke rufe. Ke nan fitar da tebura waje da rage cunkoso sun fi feshin magani a kan titi amfani nesa ba kusa ba. Lokacin da aka sake buɗe shagunan ranar 12 ga Afrilu, 2021, an riga an yi wata huɗu ana allurar rigakafi, kuma tsofaffi aka fara yi wa.

Mu ma mun ɗanɗana. An rufe Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, 2020, aka sassauta ranar 4 ga Mayu, kuma duk wanda ya ga turereniyar da aka yi a ƙofofin bankuna a ranar ya san buɗewa ba tare da shiri ba haɗari ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, amma tarin fuka da ƙyanda da mashaƙo suna nan, kuma duk ta numfashi suke kama mutum.

Don haka mai shago, buɗe ƙofa da taga, kada ka bari mutum goma su cushe a inda biyar za su tsaya. Uwargida, idan za ki sayi man tsaftace hannu, duba jikin kwalbar ki tabbatar sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100, in babu kuwa ruwa da sabulu sun wadatar. Mai tari da zazzaɓi ya aiki wani kasuwa, shi kuma ya nufi asibiti. Shugabannin kasuwa su matsa wa ƙananan hukumomin da ke karɓar harajinsu su samar da famfo da banɗaki da hanyoyin wucewa tun yanzu da ake zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.